Sabuwar Bindiga a Hannun Manomin Gyaɗa

Tanimu, ka ce za ka bar bariki ka koma cikin sojojin ko-ta-kwana, ka yi nomanka, in ƙasa ta buƙace ka a kira ka. Ban hana ka ba, ɗana. Ni kawunka na yi duka biyun, kuma kowanne aikin soja ne. Sai dai a bariki ko ba ka so za a shirya ka, saje na kanka da tsawa tun da asuba. A ko-ta-kwana kuwa kai ne sajen kanka, kuma ban taɓa ganin sajen da ya kai wannan sassauci ba. Saurari abin da na gani da idona.

Wasu aminai biyu sun shiga soja tare. Ɗaya ya zauna a bariki har ya zama kofur. Ɗayan, wanda duk rundunarmu ba mai saitinsa a harbi, ya koma ko-ta-kwana, ya tafi ƙauyensu ya kama noman gyaɗa. Sharaɗin kawai shi ne ya riƙa zuwa atisaye sau ɗaya a shekara. To, atisayen nan kullum sai ya faɗo daidai lokacin cirar gyaɗa. Maimakon ya zo, sai manomin ya aiko wa kofur da jarkar man gyaɗa da gaisuwa, kofur kuma ya rufa masa asiri, yana cewa, "Ku ƙyale shi, wannan ko barci yake yi ya fi ku harbi." Mu ma dariya muke yi, don gaskiya ya faɗa. Ana haka aka canja mana bindigogi. Tsohuwar, mariƙin da ake ja a ɗana ta yana hagu. Sabuwar kuwa nata yana dama. Mu na bariki mun sha horo a kanta har hannunmu ya saba, shi kuma yana can yana shanya gyaɗa.

Da faɗa ya ɓarke a kan iyaka aka kira shi, ya zo da kakinsa yana ƙamshin adaka, maɓallin ciki ya ƙi rufuwa, muna ta yi masa tsiya. An nuna masa sabuwar bindigar a tsaitsaye, ya ce ai ba a koya wa kifi iyo. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna, da hantsi ne, rana tarwai. Manomin ya yi harbi kaɗan sai bindigar ta cije. Wallahi Tanimu, ina kallonsa daga ramina, hannunsa na hagu yana ta lalube a inda babu komai, yana ja, yana sake ja. Mutumin da muke kira gwani! Kansa ya san mariƙin ya koma dama, amma hannunsa bai sani ba, kuma a fagen daga hannu ne ke aiki. Kofur ya gani, ya fito daga maɓoyarsa da rarrafe don ya gyara masa. Ya ɗago kai ke nan harsashi ya same shi a wuya. Ko salati bai ƙarasa ba. Na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa ganin irin ta ranar ba.

Manomin ko ƙwarzane bai samu ba. Shi ya kai wa matar kofur kayan mijinta. Ya tarar ana toya wainar sadaka a tsakar gida, ya duba gefen murhu ya ga jarkar da ake tsiyayo man, ya gane tasa ce. Nan ya zube a ƙasa, ƙato da gemu, yana kuka kamar yaro.

Ka je ka yi nomanka, Allah ya sa albarka. Amma duk ranar da aka buga kiran atisaye, ko gyaɗarka na ruɓewa a ƙasa, ka ajiye fartanya ka tafi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.