Baƙin Allon Ƙarshe

Goggo tana guga a bayan kujera, 'ya'yan ƙanenta suna neman cinye juna kan ƙarshen wani shirin talabijin na jirgin sararin samaniya.

"Hikima ce," in ji babban. "Jirgin ya doshi tauraron, sai duhu, sai shiru. Kowa ya ƙarasa labarin a ransa."

"Rainin wayo dai, Yaya. Duk daɗewar da muka yi muna bi, a sallame mu da baƙin allo?"

Nan take babban ya hau intanet, ya zuba dogon sharhi, ya kira masu suka jahilai.

"Goggo, raba mu," in ji ƙaramin.

"Ni me na sani?" Ta juya zanen, ta gimtse dariya. Soket ɗaya ne a falon, kuma dutsen gugarta ne a ciki, ba talabijin ba.