Kwanon Ungozoma

Yaran yanzu ba su da kunya, kuma ba sa tsoron kwanon da ba nasu ba. A da, ko yunwa za ta kashe yaro ba ya ɗaga murfin abin da aka ajiye wa babba. Na yanzu sai su ci, su goge baki, su zo su durƙusa su gaishe ka.

Shekara arba'in Iya Hansai tana karɓar haihuwa a Dagumawa, ba a taɓa taɓa mata rabonta na ragon suna ba sai a gidan Nu'uman, wanda yake tuƙin mota a jami'a can Wudil. An yi suna ran Lahadi, Litinin aka yi suya. Aka cika mata kwano, aka rufe, aka ajiye a bakin madafa. Ta shiga ɗaki yi wa jaririya wanka. Da ta fito, kwano na nan, murfi na nan, a ciki kuwa sai mai.

Ba ta yi dogon tunani ba. Yahuza ƙanen Nu'uman ya yi suna wajen ci, kuma an gan shi yana shawagi a tsakar gida. Ta kira shi ɓarawo a gaban mata. Ya rantse har da hawaye. Uwarsa ta ce cikin ladabi, wataƙila Iya ta juye a wani wuri ta manta, sai a ƙara mata. Kafin magariba magana ta zaga gari cewa tsohuwa ta ɓoye nama tana neman na biyu. Wannan ya fi rashin naman ci mata rai.

Mutum ɗaya ne ya tausaya mata, Jamil mai ɗaukar bidiyo. Yaro ne mai natsuwa. Da aka miƙa masa abinci ran suyar cewa ya yi yana azumin Litinin, ya bar kyamararsa a kan ƙafafunta uku ya tafi salla. Iya Hansai ta tare shi ta ce ko na'urarsa ta ga wani abu.

"Iya, na duba kaf, babu komai," in ji shi. "Ina jin mage ce."

"Mage mai mayar da murfi?"

"Allah dai ya ba ki haƙuri, Iya."

Jamil ya gyara bidiyon a wayarsa, ya yanke abin da ya ce ba shi da amfani, ya kawo na minti ashirin. A waya ya yi kyau. Da aka sa a talabijin sai fuskoki suka dagule, ba a gane jaririya daga zanen goyo. Nu'uman ya ce a zuba masa komai a filash ya kai wa Emmanuel, wani ma'aikacin jami'a da yake irin aikin a kwamfuta. Jamil ya zuba ba gardama, shi dai ya san ya riga ya yanke.

Nu'uman ya dawo da bayanin da Iya Hansai ta fi kowa ganewa, don ta yi ɗinki. Ashe manhajar waya ba ta yankewa, naɗewa take yi ta soke da allura. Ta kwamfuta kuwa ba ta san allurar wata ba. Tana karɓa ta warware yadin gaba ɗaya. Emmanuel ya ce ba shi da lokacin sake naɗi, ya gyara haske kawai, ya jera komai yadda aka ɗauka.

Bayan la'asar aka fito da talabijin tsakar gida, aka tada janareta. Yahuza ya raɓe can baya kamar baƙo. Jamil ya zo da farar riga, Iya Hansai ta matsa masa a kan tabarmarta.

Aka ga yankan rago. Aka ga mata suna guɗa. Minti ashirin ya wuce, bidiyo bai ƙare ba. Sai ga bakin madafa, shiru, babu kowa sai kaza da kwano a rufe.

Jamil ya miƙe ya ce zai je ya sake alwala.

"Zauna, ɗan albarka," in ji Iya, ta riƙe hannun rigarsa. "Aikinka ne, ka ga ƙarshensa."

Yahuza ya shigo cikin hoton. Mata suka yi salati. Ya tsaya a kan kwanon, ya sunkuya ya shaƙi ƙamshi, ya haɗiyi yawu har ana jin ƙarar, sannan ya wuce abinsa. Iya Hansai ta ji kunya ta kama ta tun daga ƙafa.

Can sai wani ya shigo a saɗaɗe, bayansa kawai ake gani. Ya ɗaga murfi, ya cika baki, ya juye sauran a baƙar jaka, ya mayar da murfin a hankali. Da ya juyo, kumatu cike, sai idonsa ya faɗa kan kyamara. Ya taho da sauri, ya kai yatsa daidai kan maɓallin kashewa, ko lalube bai yi ba.

Iya Hansai ta waiwaya ta nemi gafarar Yahuza a gaban uwarsa, hannunta har lokacin bai saki abin da ya riƙe ba.

Ran Juma'a, tun daga kasuwar Wudil har ƙofar Iya Hansai, mutane suka yi ta kallon Yahuza yana bin wani a baya yana ɗaukarsa a waya, ba tare da ya yanke komai ba. A gaba kuwa, a ƙasa cikin rana, yana jan ragon da ya saya mata sukutum, Jamil ne mai azumin Litinin.