Lamba Ashirin da Bakwai

Hawre ya buga ƙofa ta arba'in a garin Ranya, ya miƙa katinsa mai lamba shida. Dattijon gidan ya juya katin. "Ɗan waye kai?"

Shekara tara a Suwidin, yanzu a unguwarsu ake tambayar sunan ubansa. Ya ajiye aikinsa can, ya dawo neman kujera a majalisar yankin Kurdistan, ya kuma rantse in ya faɗi jirgi zai sake hawa.

Tsarin bai yi masa wuya ba. Mutum ya zaɓi jam'iyya, sannan ya zaɓi lambar ɗan takara ɗaya a jerinta. Kak Sarbast, shugaban reshen jam'iyyar, ya ce masa ƙasan jerin mata ne, doka ta ce sai an sa. "Cike gurbi ne, ɗan Turai, kada ka ɓata idonka." Hawre bai taɓa karanta abin da ke ƙasa da lambarsa ba.

Gida ma babu sauƙi. Ya roƙi mahaifiyarsa ta raka shi yawon neman ƙuri'a, ta ce ba ta da lokaci. Yau tana gidan makoki da tukunyar dolma, gobe ta kai wata bazawara ofishin fansho, jibi asibiti. Katunan da ya ba ta ta raba suna nan kan firji.

"Daya, ko mutum ɗaya kin yi wa magana?" ya tambaye ta. Daya yake kiranta, wato uwa da Kurdanci.

"Duk sun san gidanmu," ta ce.

Sakamako ya fito, jam'iyya ta ci kujera huɗu, shi ne na huɗu a yawan ƙuri'u. Yana karɓar barka Kak Sarbast ya kira. Duka huɗun maza ne, kuma dole a samu mace. Na ƙarshe zai sauka, macen da ta fi ƙuri'a ta hau. Lamba ashirin da bakwai.

Ya kashe wayar bai tambayi suna ba. Ya ratsa matan da suka cika tsakar gida, ya jawo akwatinsa.

"Wata da ko hotonta ba a manna a bango ba, Daya. Ita ce ta kore ni."

Mahaifiyarsa ta zauna a kan akwatin.

"Kore ka ina? Idona ya yi rauni, takardun majalisa kuma da yawa. Ranar rantsar da ni kai za ka riƙe min jaka."