Tallan Da Bai San An Yi Rasuwa Ba

Kwamitin wasannin shekara na wani ƙauye da ke yamma da garin Alice Springs ya cire ƙungiyar kiɗan Jan Rairayi daga jerin masu hawa dandamali a bana. An kuma aika wa jagoranta, Renfred Cotter, cewa kada ya taka ƙauyen sai mahaifiyar makaɗin gangarsa ta yarda. Makaɗin ya rasu a watan Afrilu. Ba za a ambaci sunansa a nan ba, domin a al'adar mutanensa ba a kiran sunan mamaci, ba a kuma nuna hotonsa.

Renfred ba shi da kamfani, ba shi da manaja. Shi ke tsara waƙa, shi ke neman wurin wasa, shi ke tuƙa motar ƙungiya. A farkon shekara ya halarci wata bita ta mawaƙa masu cin gashin kansu, inda aka ce musu shafin sada zumunta da ya yi shiru mantawa da shi ake yi. Aka nuna musu yadda mutum zai jera tallan watanni a zama ɗaya, ya sa wa kowanne rana, na'ura ta riƙa saki da kanta.

Haka ya yi. Yawancin bidiyoyin na makaɗin gangar ne, domin shi ne mai ban dariyar cikinsu. A ɗaya yana faɗin sunansa da ƙarfi, yana kiran jama'a su fito rawa. Renfred ya biya don tallan ya riƙa faɗowa a wayoyin mutanen yankin ko ba su nema ba.

Sai mota ta kife da makaɗin a hanyar ƙauye.

Renfred ya ɗauki yayarsa Dulcie suka kama hanyar zaman makoki. Suka tsaya shan mai a gidan man da sabis ɗin waya ke ƙarewa. Ta same shi jingine da mota yana latsa waya.

"Sarkin waya, ka kashe tallan nan naka?"

"Yanzu nake dubawa, Yaya."

"Dubawa na ce ko kashewa? Fuskarsa ce a ciki."

"Na sani. Je ki sayo mana burodi."

"Tun kana ƙarami idan ka ce ka sani, to ba ka yi ba."

A watan ne masu shirya wani babban bikin kiɗa a birnin Darwin za su zaɓi ƙungiyoyi, kuma sun ce za su duba shafin kowa. Masu bibiyar Jan Rairayi ba su taɓa ƙaruwa kamar lokacin ba. Renfred ya goge tallan makon, ya bar sauran, da niyyar ya gyara idan ya dawo. Da Dulcie ta fito ya ce mata an gama.

Makokin ya yi tsawo, domin ana jiran dangi na nesa. A ƙauye an yi abin da aka saba. An sauke hotunansa daga bangon kanti, iyalinsa sun tashi daga gidan, masu suna irin nasa kuma an koma kiransu Kumanjayi, sunan da ake amfani da shi a madadin na mamaci.

Mahaifiyar marigayin, Elsie, ba ta iya zama a ƙauye ba, saboda wankin ƙoda da ake yi mata a Alice Springs. Wata safiya tana kan kujerar wankin, matar da ke kusa da ita tana duba waya, sai muryar ɗanta ta cika ɗakin. Ya yi dariya, ya faɗi sunansa, ya ce kowa ya fito rawa ranar Asabar. Elsie ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta cire mata robar. Ba a iya cirewa a tsakiyar wanki ba. Ta ja bargo ta rufe kanta har aka gama.

Ƙanen Elsie, Cleophas, ne ya kawo labarin ƙauye. Ya sami Renfred cikin maza, bai ja shi gefe ba.

"Mun ɗauke sunansa daga bakin kowa, har jarirai. Kai kuma ka biya kuɗi a yi shelarsa."

"Kawu, na'ura ce ta saki. Ni ina nan tare da ku."

"Na'urar ce ta taso tare da shi? Ita ta kama akwatin gawarsa?"

Cleophas ya ci gaba.

"To tura ta ta je ta ba uwarsa haƙuri. Kai kuma tattara jitarka."

Dulcie ta ɗauki jakarta. Ta koma gari a wata motar.

Da ya isa inda waya ke kamawa, Renfred ya goge shafin gaba ɗaya, amma mutane sun riga sun kwafi bidiyon suna yaɗawa. Sauran 'yan ƙungiyar biyu, waɗanda 'yan'uwan marigayin ne, sun ce sun bar kiɗa da shi. Gayyatar Darwin ta iso daga baya, ba shi da waɗanda zai tafi da su.

Mawaƙi mai tallata kansa, ka sani cewa na'ura ba ta zuwa makoki, ba ta kuma san haramcin mutanenka ba. Duk abin da ka bar mata ta faɗa, kai ka faɗa. Kada ka jera tallan da ba za ka iya tsayarwa ba, kada kuma yawan masu kallo ya fi maka mutanen da kake waƙa da harshensu.

Renfred ya roƙi Dulcie ta nema masa izinin zama gaban Elsie, ta kuma kai saƙon. Har zuwa rubuta wannan, Elsie ba ta ba da amsa ba.