Baduku Mai Ɗinkin Gafaka

Kai da kullum maganarka ita ce sai ka rage hidima sannan ka zauna ka san Ubangijinka, matso kusa ka ji.

An yi wani baduku a wani gari, wanda duk yankin ba wanda ya kama ƙafarsa wajen ɗinkin gafaka, jakar fatar nan da ake saka Alƙur'ani a rataya. Mutumin kirki ne, ban ce maka ba ya salla ba. In malami ya kawo masa Alƙur'ani rubutun hannu, sai ya ajiye basilla ya je ya yi alwala tukuna, sannan ya karɓa da hannu biyu, ya auna tsawo da faɗi da kauri da zare, ya mayar wa mai shi. Bai taɓa kuskuren awo ba. Amma fa buɗewa, ko sau ɗaya. Karatunsa tun na ƙuruciya ne, Fatiha da 'yan surori uku da yake juyawa a salla, su ma bai san abin da suke cewa ba. In abin ya ɗan taɓa masa zuciya, sai ya ce wa kansa ai wanda ya gina wa Littafin Allah ɗaki ba zai kwana a waje ba. Da wannan ya lallashi kansa shekara da shekaru.

Maƙwabcinsa kuwa malami ne, yana karantar da manya a zaurensa bayan la'asar, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ba irin kiran da bai yi masa ba, da wasa da gaske. Shi ko baduku amsarsa ba ta canzawa: Allah gafarta malam, bari in gama na hannuna. Na hannu kuwa yaushe ya taɓa ƙarewa? In ya wuce azumi ya ce sai bayan babbar salla, in ta wuce ya ce sai ya aurar da 'yar autarsa. Har malamin ya gaji da kira, ya koma gaisuwa kawai. Wata damina aka ɗauki malam aka kai shi makwancinsa, baduku ya bi gawa yana hawaye, ya dawo ya ɗauki basillarsa.

Sai da yanar ido ta rufe masa gani sannan aiki ya sake shi. Ya wayi gari ba ya ganin ramin da zare zai bi, hannu kuma na rawa. Ga lokacin da yake ta jira ya zo masa har gida, yini guda cur, ba mai kiransa. Ya dafa katanga ya lallaba zuwa zauren, inda yanzu babban ɗan malam ne ke zaune a kan buzun ubansa. Aka buɗe masa Alƙur'ani a gabansa, bai ga komai ba sai duhu-duhu. Aka ce to a bi ta kunne. Kunnen ma ya yi nauyi, kuma abin da aka biya masa yau, kafin gobe ya zube kamar ruwa a kwando. Abin tausayi, dattijo da furfura ana maimaita masa aya ɗaya sau goma, yana ba da haƙuri.

Da ɗan malam ya ga hadda ba za ta zauna ba, sai ya ce bari ya fassara masa abin da ya riga ya iya. Ya fara da Fatiha, sannu a hankali, ya nuna masa cewa bawa ne ke yabon Ubangijinsa, ya juyo ya yi masa magana kai tsaye, ya roƙe shi hanya, Ubangiji kuma yana amsa masa. Baduku ya sunkuyar da kai har aka zaci barci ya ɗauke shi. Can sai aka ga gemunsa ya jiƙe.

"Ashe shekara sittin ina tsayawa gabansa sau biyar a yini," in ji shi, "ina yi masa magana yana amsa mini, ni kuwa hankalina yana kan fata."

Daga ranar sallarsa ta canza. Mutumin da a da yake riga kowa ɗaukar takalmi, ya koma shi ne na ƙarshen fita masallaci. Ya ɗanɗani abin da bai taɓa sanin akwai shi ba, daɗin kuma shi ya ƙara masa ciwo, don yanzu ya san girman abin da ya wuce shi. Ba ya roƙon idonsa ya buɗe, roƙonsa Allah ya ara masa kwana ya ji fassarar sauran Alƙur'ani. Wata huɗu ya samu. Da ciwo ya kwantar da shi, ɗan malam ya shiga duba shi, sai baduku ya kama hannunsa ya tambaye shi saura nawa su gama. Ɗan malam ya so ya kauce, ya ga ba halin yi wa marar lafiya ƙarya.

"Baba, izu sittin ne. Ko na farko ba mu fita ba."

Baduku ya juya fuskarsa bango. Kwana uku tsakani aka yi masa sutura.

Ban ce ya tafi hannu wofi ba, Allah Mai rahama ne, kuma hawayen tuba ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma ni da na ga fuskarsa ranar nan, ba na yi wa ko maƙiyina fatan irin wannan nadama. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.