Sandar da Ke Jikin Zanen

"Wannan sandar katakon fa, ta mece ce?" Shugabar sashen ta ɗora yatsa a kan zanen. "Na'urar gwajin injin helikwafta muka ce ka zana, ba turken akuya ba."

Injiniyan bai yi dariya ba.

Shekara shida da suka wuce, a wannan ɗakin gwaji na birnin Bangalore a Indiya, akwai wani tsohon makanike da ƙarar injuna ta mayar da shi kurma. Da haƙori yake sauraro: ya tokara sanda a jikin inji, ya ciji ɗaya bakin, ya lumshe ido. Ranar da aka fara aiki da na'urar farko da injiniyan ya ƙera, tsohon ya zare sandar daga baki ya ce, "Ɗana, injin nan tari yake yi a ciki."

"Baba, je ka sha shayinka. Ma'aunai goma sha biyu sun ce lafiyarsa lau."

Bayan kwana tara jirgin da aka saka wa injin ya faɗi cikin ƙanƙarar tsaunukan Ladakh da mutum uku. Tsohon ya ajiye wa injiniyan sandar a kan tebur, ya koma ƙauyensu, can ya rasu.

Shugabar ta ɗauke yatsanta daga kan zanen, ta fita.

Da yamma aka tayar da wani inji. Ma'aunai suka ce lafiya. Injiniyan ya tokara sandar, ya sa haƙoransa a gurbin na tsohon, ya lumshe ido.

Shekara shida ke nan yana cizo. Har yau bai san me ake ji ba.