Kilomita Goman Lamyai

Lamyai na shiga wanka, Buntham ya jawo sandunansa ya ɗingisa zuwa gindin mangwaron da take ajiye a-kori-kurar. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta, don haka ya ɗaga, ya ja, ya murɗa makulli, ya leƙa lambar da ke jikin agogon motar. Hamsin ta ƙaru. Jiya ma hamsin, shekaranjiya haka.

Shekara da shekaru yana kai lemun tsami kasuwar gari, ya san hanyar kamar yunwar cikinsa: kilomita talatin zuwa, talatin dawowa. Tun da ya faɗo daga rufin rumbu ya karye a cinya, matarsa Lamyai ce ta karɓi tuƙi. Takan fita da sassafe da buhuna, ta dawo da rana tsaka bayan mota wayam, har da 'yar waƙa a bakinta. Sai dai kullum akwai kilomita goma da ba sa dawowa gida tare da ita.

Ke nan ba ta ƙarasawa kasuwa. Shi kuwa ya san wanda ke zaune a bakin gari: Sawai mai rumfar taliya, wanda ya nemi Lamyai tun suna samari, bara kuma matarsa ta rasu. Buntham yakan kwanta a kan gadon gora ya yi ta ganinsu a ransa, Sawai na zuba mata romo, ita tana irin dariyar da ta daɗe ba ta yi masa ba. Abinci ya daina shiga. Ko hoda ta shafa sai ya ji ƙirjinsa na tafasa.

Wani yammaci suna cin shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, ya kasa haɗiye maganar.

"Maman Kaew, romon Sawai ya fi na gida daɗi ne?"

"Ƙafarka ce ta karye, ko har da kan?"

Ya zayyana mata lissafinsa kaf. Lomarta a hannu, sai ta yi dariya.

"Wa ya nace sai an sa wa motar nan tayoyi kamar na tarakta, saura mako guda ya faɗo? Je ka tambayi masu sani. An ce akwai gareji a bakin gari, suna da kwamfuta."

Washegari ita ta tuƙa shi. Suna tsayawa wani jan kare ya rugo ƙofar direba yana kaɗa bindi. Mai garejin, Wirot, dogo ne mai sanyin murya. Ya haɗa tafukansa ya gai da Buntham, ya kawo masa kujera da ruwan sanyi da aka matsa wa lemun tsami. Lamyai ta koma can gefe tana danna waya.

"Yaya, laifin tayoyin ne," in ji Wirot. "Babbar taya kamar mai dogayen ƙafafu take, takunta ɗaya ya fi na ƙarama. Ita kuwa kwamfutar motar har yanzu da tsohon takun take ƙirga. Sai a ci ƙasa da yawa, ta rubuta kaɗan."

Ya ɗan ɗaga ƙofar ya buɗe, ya soka wayar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora kwamfutarsa a cinya. Bai ko sunkuya ya duba tayoyin ba, Buntham ya ce a ransa wannan gwani ne.

"Nawa ka ce ne, zuwa da dawowa?"

"Sittin."

Wirot ya danna nan, ya danna can, ya zare wayar. "An gama, Yaya. Ka kwantar da hankalinka."

Kashegari Lamyai ta dawo daga kai lemo, Buntham ya leƙa. Sittin cif. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya same ta a madafa ya ce, "Maman Kaew, zaman wuri ɗaya ne ya lalata mini tunani. Ki yi haƙuri." Ta ce komai ya wuce, ba tare da ta ɗago daga tukunya ba. Ya ƙara leƙawa sau biyu ko uku, kullum sittin, daga nan ya bari. Cin abincinsa ya dawo, har ya yi ƙiba.

Da ƙafa ta warke, ya ce yau dai shi zai kai kaya, ita ta huta. Ta ce ai ta riga ta saba. Ya ce a'a, ta wahala haka nan. Yadda ya saba tun da can, ya mayar da lambar tafiya sifiri, ya hau kwalta.

Motar ta ba shi dariya. Allurar gudu na nuna yana sheƙa wuta, amma tsofaffi a kan babura sai wuce shi suke yi. Ya ratsa gonakin rogo da na rake, ya haye gada. Da ya zo rumfar Sawai ya danna oda ya ɗaga masa hannu, don ya ɗauki alhakin mutumin ba gaira ba dalili. Sawai ya bi motar da kallo, da alama bai ma gane ta ba.

Gaba kaɗan wani abu ya gilma a titi, Buntham ya taka birki da ƙarfi. Idonsa ya faɗa kan agogon motar, ya ga talatin cif, alhali ko rufin kasuwa bai fara hangowa ba. Ya leƙa ta taga. A ƙofar garejin Wirot yake tsaye, jan karen nan kuma yana jikin ƙofar direba yana kaɗa bindi, yana jiran wadda ta saba fitowa kowace safiya.